Kuɗin Goron da Muka Yi wa Ƙwayoyi

A gidan da na tashi akwai wata hidima da ake yi duk ƙarshen wata. Baffana yakan sayo kwalbar kananzir da ruwan bilic, wani lokaci har da baƙin man da bakanike ya juye daga injin mota, ya buɗe bakin masai ya bulbula su ciki, sannan ya kakkaɓe hannu ya ce, "To, yau na gama da ƙwayoyin cuta." Mu yara sai mu tsaya nesa muna kallonsa kamar barden da ya dawo daga fagen fama. Wari yakan lafa kwana biyu, ran na uku ya dawo da ƙarfinsa. Abin da babu wanda ya lura da shi a lokacin shi ne, ramin gidanmu ya fi na maƙwabta saurin cika. Su sukan yi shekaru ba su kira masu yasa ba, mu kuwa da wuya damina biyu ta wuce ba a kira su ba. Baffa ya ɗora laifi a kan yawan baƙi, ya ɗora a kan wanda ya haƙa ramin, har Allah ya karɓi ransa bai taɓa zargin kwalbar kananzir ba.

Ni ma ban zarge ta ba, sai ranar da wani malaminmu na kimiyyar halittu ya kai mu wata matatar ruwan najasa. Ya ɗebo ɗigo guda na lakar da ke cikin kwatarniyar siminti, ya ɗora a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ya ce in leƙa. Na leƙa ina toshe hanci, ina tsammanin zan ga mutuwa, sai na tarar da kasuwa tana ci. Ga wasu halittu masu siffar ƙararrawa a kan siririn wuya, suna kaɗa gashin bakinsu suna zuƙo abinci. Ga wasu suna iyo suna kai da komowa. Ga dunƙule-dunƙule masu launin ƙasa, waɗanda malamin ya ce kowane ɗaya gari ne guda na bakteriya. Ya ce mana, "Waɗannan su ne ma'aikatan wurin nan, mu masu gadi ne kawai." Nan take Baffa ya faɗo mini a rai. Ashe shekara da shekaru yana korar leburorin da ke kwashe masa ƙazanta ba tare da ya biya su ko sisi ba.

Dalilin wannan rubutu ke nan. Ina tuhumar kanmu, mu da ke zaune a garuruwan ƙasar Hausa, da laifi iri biyu. Na farko, mun yi wa dukkan ƙananan halittun da ido ba ya gani kuɗin goro, mun yanke musu hukuncin kisa ba tare da mun saurari shaida ba. Na biyu kuwa, wanda ya fi muni, mun ƙi gina musu wurin aiki, muka bar najasar biranenmu tana kwarara ɗanya cikin lambatu da koguna da rijiyoyi, yara na mutuwa, muna cewa ajali. Laifin farko shi ya haifi na biyu, domin mutum ba ya gina wa maƙiyinsa ɗaki.

Matsalar ta faro ne daga suna. Da likitan zamani ya shigo ƙasarmu ya ce akwai wasu abubuwa ƙanana da ke jawo rashin lafiya, sai harshenmu ya raɗa musu "ƙwayoyin cuta". Sunan ya dace da waɗanda likitan yake nufi, amma sai ya zama shi kaɗai muke da shi. Yau ɗalibi in zai fassara kalmar bakteriya sai ya ce ƙwayoyin cuta, mai sanarwa a rediyo haka, ma'aikaciyar asibiti haka. Wannan daidai yake da a ce a harshenmu babu wata kalma ta kiran ɗan Adam sai "ɓarawo". Gaskiya ne akwai ɓarayi a cikinsu: mai kawo amai da gudawa, da mai kawo taifod, da mai kawo tarin fuka. Sai dai irin waɗanda aka sani suna cutar da mutum ba su wuce 'yan dubbai ba, alhali cokali guda na ƙasar gona mai kyau yana ɗauke da ɗaruruwan miliyoyin bakteriya. A jikin kowane ɗayanmu ma, musamman cikin hanji, yawansu ya kai yawan ƙwayoyin jikin shi kansa mutumin. Hausawa na cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari, amma ban taɓa jin wanda ya ƙone rumbu saboda wake ɗaya ba.

Abin takaici, kakanninmu sun fi mu sanin darajarsu, ko da yake ba su taɓa ganinsu ba. Matar da ta dafa kalwa ta rufe ta kwana uku har ta zama daddawa, wa take jin ya yi mata aikin? Bafulatanar da ke rage ɗan tsohon nono a ƙwarya ta zuba sabuwar madara a kai, ta wayi gari da kindirmo, iri take ajiyewa kamar yadda manomi ke ajiye na gero. Tsamin koko aikinsu ne, kumburin burodi aikinsu ne. Je ka marinar Ƙofar Mata a Kano ka tambayi marini me ya sa yake zuba baba da toka a karofi ya jira kwanaki kafin ya tsoma zane. Baba ba ya narkewa ya kama zare sai ƙwayoyin da ke cikin ruwan karofin sun sauya shi. Shuɗin rawanin da ƙasar nan ta yi ɗaruruwan shekaru tana alfahari da shi, da hannunsu a ciki. Manomin da ya ce gonar da aka yi gyaɗa ko wake bara ta fi yin dawa bana, shaida yake bayarwa a kan bakteriyan da ke zaune a saiwar waɗannan tsirrai suna kamo sinadarin naitirojin daga iska suna sa wa ƙasa. Saniya ma ba don waɗanda ke cikin tumbinta ba, da harawa ba ta zama madara ba. Mun yarda su shiga miyarmu da ƙwaryarmu, amma da an zo maganar bayan gida sai mu ɗauko kananzir.

Ba mu kaɗai muka yi wannan jahilci ba, sai dai wasu sun daɗe da fita daga cikinsa. A 1676 wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya ba da labarin ƙananan halittun da ya gani cikin ruwa da madubin da ya ƙera da hannunsa. Kusan shekara 200 aka yi kafin a gane abin da suke yi. A 1854 likita John Snow ya bi diddigin annobar kwalara a wata unguwa ta Landan har ya kai ga famfon rijiya guda da najasa ta gurɓata. Bayan shekara huɗu, a bazarar 1858, kogin Thames ya yi warin da ya hana 'yan majalisar Ingila sakat a zaurensu da ke bakin ruwan. Da yake warin ya taɓa hancin manya, ba a ɗauki lokaci ba aka ba injiniya Joseph Bazalgette kuɗi ya gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa. Amma magudanan nan ɗauke ƙazantar kawai suka yi daga tsakiyar gari suka zubar da ita can gaba. An sauya mata masauki, ba a gama da ita ba.

Waɗanda suka gama da ita su ne wasu masana biyu, Edward Ardern da William Lockett, da ke aiki a matatar Davyhulme ta birnin Manchester. Sun zuba ruwan najasa cikin kwalabe suna hura masa iska, ya ɗauki makonni kafin ya tsarkaka. Maimakon su zubar da lakar da ta kwanta a ƙasan kwalba, sai suka riƙe ta suka zuba sabon ruwan najasa a kanta, suka sake hura iska. Da suka yi ta maimaita haka, aikin makonni ya koma na kwana guda. Dabarar Bafulatana ce da ƙwaryarta, ba ragi ba ƙari. Sun bayyana wa duniya sakamakonsu a 1914, shekarar da Lugga ya haɗa Kudu da Arewa ya kira su Nijeriya. Wato wannan ilmi sa'an ƙasarmu ne. Shekara fiye da 100 ke nan, kuma har yau yawancin manyan garuruwanmu ba su da inda za su kai najasarsu a tace.

Bari in bayyana yadda aikin yake, domin wanda ya gane shi ba zai ƙara yarda a ce masa ya fi ƙarfinmu ba. Ruwan da ya fito daga gidaje yakan fara ratsa rariyar ƙarfe ta tare leda da tsumma, sannan a bar shi ya natsu, yashi da abu mai nauyi su kwanta. Wannan duk tankaɗe ne, domin mafi yawan ƙazantar narkakkiya ce, rariya ba ta kama ta. Daga nan sai ya shiga babban kwatami inda ake hura iska dare da rana. A nan bakteriya ke jiransa. Abin da muke kira ƙazanta, a wurinsu tuwo ne da miya. Suna cinye shi suna shaƙar iskar oksijin, suna mayar da shi ruwa da iskar da mu ma muke fitarwa in mun numfasa, ragowar kuma ta zama jikin sababbin 'ya'yansu. Yayin da suke yaɗuwa sukan manne wa juna su zama dunƙule, waɗannan masu siffar ƙararrawa da na gani kuma suna bi suna tsince waɗanda suka ware daga taro, shi ya sa ruwan ke yin garau. Sai a kai shi wani kwatami marar motsi, dunƙulen su nutse, ruwa mai haske ya malala ta sama. Wani kashi na lakar a mayar da shi baya ya zama iri.

Aikin bai tsaya nan ba, don kuwa suna da rabon sana'a kamar unguwannin tsohon birni. Fitsari da kashi suna ɗauke da sinadarin amoniya, mai zarni, mai kashe kifi. Akwai wasu bakteriya, waɗanda masanin Rasha Sergei Winogradsky ya fara warewa wajen 1890, da sana'arsu ita ce sauya amoniya zuwa wani sinadari, su miƙa wa wasu su ƙara sauya shi. In aka kai ruwan inda babu iska, wasu na daban su karɓa su mayar da shi iskar naitirojin, wadda dama ita ce kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Lakar da ta yi yawa kuwa a zuba ta cikin rufaffen tanki, inda wasu halittun da ba sa shiri da iska ko kaɗan suke narkar da ita su fitar da gas mai kama wuta, wanda fiye da rabinsa misen ne, irin wanda ke fita daga tumbin saniya. Da shi ake girki, da shi ake juya janareta. Zafin da suka fi so wajen digiri 35 ne, zafin da Turawa ke kashe kuɗi su samar a cikin tankunansu, mu kuwa a watan Afrilu kyauta yake sauko mana har muna kuka da shi.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe ko da ya manta sauran. Ƙwayoyin nan za su ci najasarmu ko mun so ko mun ƙi, ba sa neman izinin gwamna. Zaɓin da ya rage mana shi ne wurin da za su ci ta. In ba mu gina musu kwatami ba, za su yi aikin a cikin kogi, su zuƙe iskar da ke cikin ruwan har kifi ya taso ciki sama, ruwa ya yi baƙi ya fara wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ya taɓa bi ta gefen Jakara a Kano da rani ya ga abin da nake faɗi. Wannan rafi da birnin ya kafu a gefensa, wanda Kasuwar Kurmi ta girma a bakinsa, yau shi ne lambatun gari. Yana kwasar na gidaje, can gaba ya haɗu da Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, su nufi madatsar Wasai. A kan hanya kuwa masu lambu na jiran su da injin ban ruwa. Latas da kabeji da alayyafon da aka shayar da wannan ruwa su ne ke dawowa kasuwa da safe, mu saya mu yanka a kan shinkafa. Mun zubar da abu ta bayan gida, ya zagayo ya shigo ta ƙofar gaba.

Ba na ganin laifin masu lambu. Talaka ne ya ga ruwa da rani, ruwan kuma mai taki, ya yi abin da hankali ya ba shi. Tun zamanin da, jakuna ke fitar da takin birnin Kano zuwa gonakin da ke kewaye da shi, abin da ya sa ƙasar ta daɗe ana nomanta ba hutu ba ta gaji ba. Tunanin mayar da ƙazanta gona namu ne tun asali. Abin da muka tsallake shi ne matakin tsakiya, wato ba ƙwayoyi da rana lokaci su raba taki da cuta. Kuɗin wannan tsallake da rayuka muke biyansa. A 2021 annobar kwalara ta kama fiye da mutum dubu 100 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma jihohin Arewa irin su Bauchi da Jigawa da Kano da Sakkwato su ne suka fi jin jiki. A unguwarmu na ga an fitar da gawar yara biyu daga gida ɗaya cikin mako guda a wata damina. Rijiyar gidan da masansu taku goma ne tsakani, alhali masana na ba da shawarar a bar kimanin mita 30. A cikin tsohon gari ina mutum zai samo mita 30?

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta. Za a ce wannan aikin ƙasashe masu arziki ne, yana son injuna da wutar da ba ta ɗaukewa. A nan akwai gaskiya, kuma ba zan ɓoye ta ba. Hura iska shi ke cin mafi yawan lantarkin irin matatar da na bayyana, kuma in wuta ta ɗauke ta daɗe, bakteriyan sukan shaƙe, aiki ya tsaya. Abuja tana da irin wannan matata a Wupa, amma ba kowace ƙaramar hukuma ce za ta iya riƙe irinta ba. Sai dai wanda ya tsaya a nan ya faɗi rabin magana ne. Akwai hanyar da ba ta bukatar inji ko guda, ita ce ta jerin tafkuna. Na farko mai zurfi ne, mita uku ko fiye, inda abu mai nauyi ke kwanciya marasa son iska su narkar da shi. Na biyu bai kai wannan zurfi ba amma ya fi faɗi, kuma a nan ake wani ciniki mai ban sha'awa: gansakuka mai launin kore tana amfani da hasken rana ta fitar da oksijin, bakteriya su shaƙa su ci ƙazanta, su fitar da abin da ita kuma take ci. Cuɗe ni in cuɗe ka. Na uku bai fi mita guda ba, rana na ratsa shi, a nan mafi yawan masu kawo cuta ke mutuwa, ƙwan tsutsar ciki kuma ya riga ya nutse a hanya. Bayan 'yan makonni ruwa ya fito wanda za a iya shayar da gona da shi.

Wannan ba mafarki ba ne. Birnin Nairobi yana tace najasarsa a manyan tafkunan Dandora. Wagadugu, mai rana da ƙura irin namu, tana da nata a Kossodo. A gabashin Kolkata ta Indiya, masunta sun daɗe suna karɓar ruwan najasar birnin cikin tafkunansu, rana da gansakuka da bakteriya su gyara shi, su kuma su yi kiwon kifi a ciki su sayar wa birnin, har a 2002 aka sa wurin cikin jerin dausayin duniya da ake karewa. Abin da tafki yake so biyu ne: rana da fili. Rana dai ba mu da abokin gasa. Fili kuwa, a nan ne zan nuna yatsa. Kududdufan da kakanni suka bari a cikin garuruwanmu, masu shanye ruwan sama da na kwata, mun cike su da bola mun yanka filoti mun gina shaguna. Kowace shekara ana fitar da sababbin unguwanni a bayan gari, a ware wa kasuwa wuri, a ware wa tasha, amma ban taɓa ganin taswirar da aka ce ga inda najasar mutanen nan za ta ba. Wanda ya sami fili ya gina gidan mai uku a kan titi ɗaya, kada ya ce mini ya rasa na tafki.

Za a ce tafki zai tara sauro ya dami mutane da wari. Sauro yana son ruwa mai ciyawa a gefe inda tsutsarsa za ta fake. Tafkin da ake nome bakinsa ana kwashe abin da ke yawo a kansa ba ya yi masa daɗi. Wari kuwa alama ce ta an ɗora wa tafki kayan da ya fi ƙarfinsa. Duka biyun maganar kula ce, aikin lebura da magirbi. Sannan ina tambaya: lambatun da ke ƙofar gidanka yanzu, turare yake yi?

Za a ce najasa najasa ce, ko an tace ta. Wannan magana ta cancanci a amsa ta da ladabi, domin daga tsoron Allah ta fito. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa ana duba ruwa ta launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa. A 1978 Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta duba wannan mas'ala, ta yanke cewa ruwan najasa in aka tace shi har ƙazantar ta gushe, ba a ganin alamarta a waɗannan siffofi uku, to ya koma mai tsarki. Birnin Windhoek na Namibiya kuwa tun 1968 yake tace irin wannan ruwa, da ƙarin matakai masu tsauri, har ya mayar da shi cikin famfo. Ni ban ce mu sha ba, na ce mu shayar da gona. Kuma in dai ƙyamar najasa ce ta hana mu, ya kamata ta fi hana mu cin latas ɗin da aka shayar da ɗanyarta.

Akwai kuma iyakar da tilas in amince da ita, don kada a ce na mayar da ƙwayoyi waliyyai. Ba sa cin leda. Ba sa cin dalma, ba sa cin sinadarin kuromiyam da masana'antun jima na zamani ke aiki da shi a maimakon bagaruwar majeman da. Irin wannan guba in ta shiga tafki da yawa, ma'aikatan take kashewa, abin da ya tsira kuma ya taru cikin laka ya bi ta zuwa gona. Saboda haka dole kowace masana'anta ta cire gubarta a cikin harabarta kafin ruwanta ya fito, kuma hukumar da aka ɗora wa duba wannan ta duba da gaske. Haka nan kada wani ya karanta wannan rubutu ya ce na hana wanke hannu da sabulu ko sa kulorin a ruwan sha. A hannu da cikin randa, kashe ƙwayoyi wajibi ne. A cikin masai da sokawe da tafki, kashe su ɓarna ce. Hikimar duka ita ce sanin wurin da kowane hukunci ya dace da shi.

To, me nake nema? Daga malamai da 'yan jarida da marubuta, ina neman a gyara suna. A bar "ƙwayoyin cuta" ga masu cutar, sauran a kira su ƙananan halittu, yaro ya tashi ya san akwai na gida akwai na daji. Daga magidanta, ina neman a daina zuba kananzir da baƙin mai da leda a masai, a kuma riƙa yi wa direban motar yasa tambaya guda kafin a biya shi: ina za ka kai? Yawancinmu ba mu taɓa tambaya ba, domin muna tsoron amsar. Daga hukuma kuwa, ina neman abin da bai kai kuɗin gadar sama guda ba: kowane gari ya sami fili a bayansa, da tafkuna da wuraren shanya laka, inda motocin nan za su riƙa juyewa, da ma'aikatan da ake biya a kan lokaci. Jihar Jigawa ta samu yabo a 2022 da aka bayyana ta a matsayin ta farko da ta kawar da bahaya a fili, kuma ta cancanci yabon. Amma masai rami ne, rami kuwa yana cika. In ba a tanadi inda abin da ke ciki zai je ba, an tara shi ne kawai a jira ranar da za a zubar da shi gaba ɗaya a bakin rafi.

Kwanan baya na je tsohon gidanmu, na tarar da ɗan Baffa, wanda ya gaji gidan, tsaye a bakin masai da kwalba a hannu. Na ce, "Yaya, dakata." Na zaunar da shi na yi masa bayanin da na yi a nan, tun daga ƙwaryar nono har zuwa tafkunan Kossodo. Ya saurara har na gama, ya dubi kwalbar ya dube ni, ya ce, "To, na ji, na bar su su yi aikinsu. Amma in ramin ya cika fa, ina za a kai?" Na buɗe baki na rasa abin da zan ce masa, domin a duk faɗin garinmu babu wurin da zan nuna masa da yatsa. Wannan tambaya tasa ita na kawo gaban masu iko da filaye da baitulmali, kuma damina tana tafe.